Takardun da na kai Tozai

Shekarun baya da nisa, zamanin da Turawa ke mulki ana yaƙin Bama, na yi wata tafiya da har yau idan jikokina suka ce in ba su labarinta sai in rasa ta inda za ni kama. Su labarin harbi suke so. Ni kuwa ko ƙadangare ban harba ba a yaƙin nan.

Ni mutumin Tsamaye ne, manomin gero ɗan manomin gero. Da aka ce kowane gari ya ba da samari, ba wanda ya tilasta ni, ni na kai kaina, don na ga wani ɗan garinmu ya zo hutu da wando mai guga da takalmi mai ƙara, 'yan mata na leƙensa ta danga. Aka kwashe mu daga Sabon Birni zuwa Isa, daga Isa zuwa Ƙaura inda jirgin ƙasa yake. Duk hanya ina ta ƙiyasta irin bindigar da za a ba ni. Bayan horo, da doguwar tafiya a kan teku muna ta amai, muka isa ƙasar, sai aka miƙo mini adda da gammo. Ashe dajinsu mota ba ta shiga, mu ne motar. Harsashi, shinkafa, akwatin magani, har kujerar hafsa, duk a kanmu suke tafiya. Da na san dako za ni yi, ai da na yi shi a kasuwar Sabon Birni in kwana a gida.

A motar Isa na haɗu da abokina. Ɗan malami ne daga Tozai, siriri, mai ƙaramar murya, idan ya faɗi abin dariya fuskarsa ba ta motsi. Ya yi sauka tun da wuri, kuma yana da hannu, shi ke yi wa masu sauka zayyana a allo. Na tambaye shi abin da ya kawo ɗan malam soja, ya ce ya gaji da zama ɗan kirki. A rukuninmu mu biyu ne kaɗai daga ƙasar Gobir, saura Zazzagawa ne da mutanen Bauchi da na kudu. Shi ya sa muka manne wa juna, bargo ɗaya, kwano ɗaya.

Wahalar wurin ba ta faɗuwa. Ruwan sama ya yi kwana bakwai bai ɗauke ba. Ƙafa ta jiƙe har fata ta yi fari tana saluɓewa. Ga matsattsaku, wata tsutsa mai shan jini da ke faɗowa daga ganye ta shige cikin takalmi, ba ka sani ba sai ka ga safa ta yi ja. Da yamma kowa ya zauna shiru yana ɓanɓare nasa, ba mai kallon wani.

Wata rana aka rabo gishiri a cikin guntun jaridar hafsanmu, irin wadda jirgin sama ke jefo musu tare da abinci. Abokina ya juye gishirin, ya daɗe yana kallon takardar. Zane ne na ban dariya: sojan Bature zaune a rami, ruwa har wuya, ya ɗaga kofin shayinsa sama kada ya jiƙe. Ya ce ashe su ma sun san suna shan wuya, sai dai ba su zana mu ba. Kashegari na gan shi yana kankare baƙin gindin tukunya. Ya samo ƙaro a jikin wata bishiya, ya dama tawada kamar yadda ake yi a gidansu, ya fiƙe gora ya yi alƙalami. Takarda kuwa, bayan wadda ake liƙa wa gwangwanin nama ce.

Ni ya fara zanawa, don ni ne kusa. Ya yi ni da ƙaton kai da ƙafafu kamar tsinke, a kaina akwatin harsashi, a kan akwatin kujerar hafsa, a kan kujerar kuma alfadari ne zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana fifita. A ƙasa ya rubuta da ajami cewa alfadari ya gaji. Na ji haushi na ɗan lokaci, amma da takardar ta zagaya sai na ji mutanen da suka yi mako ba su buɗe baki ba suna ƙyaƙyata. Wani Bazazzagi har da riƙe ciki.

Daga nan abin ya zama al'ada. Ya zana matsattsaku sun yi layi da kwanoninsu a gindin ƙafar Sajen rukuninmu, shi kuma Saje na yi musu tsawa su miƙe layin. Ya zana mai dafa mana abinci yana bin ƙwayar shinkafa ɗaya da ludayi cikin tukunyar ruwa. Ya zana jirgi ya jefo mana buhu, mun taru muna murna, an kwance sai ga takalma duk na ƙafar hagu, wannan kuwa ba ƙari, ya faru. Saje ya kama na matsattsaku a hannun wani, muka ce yau mun shiga uku. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce an rage masa gashin baki, a gyara.

Wanda na fi so shi ne na roƙon ruwa. Mahaifin abokina ne ke jan mutanen Tozai zuwa bayan gari idan damina ta yi jinkiri. Sai ya zana tsohon a gefe ɗaya, da rawani, ya ɗaga hannu sama, bayansa gero ya lanƙwashe don ƙishi. Girgije ya taso, ya wuce ta kansa ko ɗigo bai bari ba, ya ƙetare teku, ya zo ya juye duka a kan wani siririn soja. A ƙasa ya rubuta: "Baba, a dakata haka nan, ta iso." Wannan mu biyu ne kawai muka gane shi sosai, don sauran ba su san abin da ake nufi da jiran ruwa a ƙasarmu ba. Mun yi dariya har na ji ina son gida kamar in mutu.

Yana adana su a cikin gwangwanin taba mai murfi, ya naɗe da tsumma. Sun kai goma sha wani abu.

Ba harsashi ne ya kashe abokina ba. Zawo ne da zazzaɓi, a damina ta biyu. Kwana huɗu muna ɗauke da shi a kan gora biyu da bargo, ni a gaba, kuma wallahi bai kai nauyin akwatin harsashi ba. Ranar ƙarshe da hantsi muka sauke shi a gindin wata bishiya, ya laluba aljihu ya ba ni gwangwanin.

"In ka koma, ka kai ma Inna," in ji shi. "Ta san ba kuka munka zo yi ba."

Kafin azahar ya cika. Ni na yi masa wanka, ni na haƙa ramin da addata, ramin na cika da ruwa ina kwashewa da kwanonmu.

Da yaƙi ya ƙare na dawo Tsamaye, aka yi guɗa, aka yanka akuya. Bayan kwana uku kowa ya koma gonarsa, ni kuma na tarar ban san abin da za ni ce wa kowa ba. Idan na zauna a dandali sai a tambaye ni mutum nawa na kashe. In ce ban kashe ba, sai su ce ina ɓoyewa. Na yi tunanin takardun nan za su yi mini magana, su nuna yadda muka zauna. Na fara da yayana. Ya karɓi ta Saje, ya riƙe ta a juye, na gyara masa, ya duba ya ce tsutsa ba ta riƙe kwano. Na kai wa mahaifiyata tawa, ina murmushi tun kafin in miƙa. Ta ƙura mata ido, ta gane ni ta kunnuwa, sai na ga hawaye.

"Ashe har alhwadari sunka aza maka bisa kai?" in ji ta.

Na yi rantsuwa na yi bayani cewa wasa ne, ta ce in daina kare Turawa. Har ta rasu ba ta yarda ba, kuma duk baƙuwar da ta zo sai ta ba ta labarin. Limaminmu kuma da ya ji, ya kira ni gefe cikin mutunci ya ce surar mai rai ba abin ajiyewa a ɗaki ba ce, gara in binne.

Ban binne ba, kuma ban kai Tozai ba. Wannan shi ne laifina, ba na ɓoye shi. Tozai ba ta fi tafiyar yini a kan jaki ba, amma na yi shekara guda ina cewa sai an gama shuka, sai an gama noma, sai an yi girbi. Gaskiyar ita ce gwangwanin nan shi kaɗai ne abokin hirata. Idan rana ta take na gaji da noma, sai in zauna a gindin aduwar gonarmu in buɗe, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina dariya ni kaɗai. Wani makiyayi ya gan ni, labari ya zagaya cewa Bama ta taɓa mini kai. Ban damu sosai ba. Abin da ke cina shi ne a duk faɗin ƙasar nan babu mutum ɗaya da zai kalli takardun ya yi dariya tare da ni. Sai nake ganin kamar abokina bai taɓa rayuwa ba, kamar ni na ƙirƙiro shi.

Bayan girbi na biyu kunya ta ishe ni, na ɗaure jaki na kama hanya. Dabarata ita ce in nuna wa tsohuwar, in faɗa mata saƙon, sannan in roƙe ta ta bar mini su. A raina kuma ina fatan ko ita da ta haife shi za ta gane.

Na iske abubuwa biyu da ban sani ba. Mahaifinsa ya rasu tun muna can, wasiƙar ba ta iske mu ba. Ita kuma Inna yanar ido ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take bambantawa. Wani ƙanen mijinta ya shigar da ni ɗakinta. Ƙaramar mace ce, siririya kamar ɗan nata, zaune a kan tabarma da tazbaha. Na durƙusa na yi gaisuwa, na yi ta'aziyya biyu. Ta tambaye ni ko ya samu sallah, ko an fuskantar da shi gabas, na ce da hannuna na yi. Ta yi ta sa mini albarka har na rasa inda za ni sa kaina.

Sai na ciro gwangwanin na ce ga saƙo ya bayar a kawo mata. Ta buɗe da kanta, ta shafa takardun da yatsu, ta kai hanci ta shinshina. Ta ce wannan tawada ce, irin damun gidan nan.

"Hannunai na?"

"Hannunai na, Inna."

A nan ya kamata in yi bayani. Amma ka duba halin da nake ciki: ɗakin malami, ga buzunsa a rataye, ga allunansa jingine, ga makauniya na riƙe da abin da ɗanta ya bari kamar ta riƙe jariri. Ta yaya za ni buɗe baki in ce Inna, wannan tsutsotsi ne ke bin layin abinci? Na ce a raina gobe, idan zuciya ta kwanta. Ta ce in bar mata su su kwana a wurinta. Na kwana a zauren ƙanen mijin.

Da hantsi aka ce tana kirana. Ina shiga na ga ƙwarya a gabanta, cike da baƙin ruwa. A gefe kan faifai ga takardun an shanya, sun yi laushi, fari fat, sai ɗan dishi-dishin toka. Duka, ba ta bar ko ɗaya ba. Matar malami ce, shekara da shekaru abin da ta sani shi ne idan mai ilimi ya sa tawada a allo ko a takarda ya aiko maka, wankewa ake yi a sha. Ɗanta mahaddaci ya aiko mata da tawada daga bakin mutuwa, me kuma za ta yi da ita?

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon takardun. Ita kuwa fuskarta a sake, ta ce in zauna.

"Na wanke, na sha kurɓi ukku," in ji ta. "Hwaɗa mani, ɗana, wace sura ta yar rubuto mani?"

Da na ce Yasin ce, da magana ta ƙare, ta ji daɗi, in hau jakina. Ina so in ce tsoron Allah ne ya hana ni ƙarya, amma ba shi ba ne. Haushi ne. Na ji ba za ni iya barin a mayar da shi salihin da bai taɓa zama ba, bayan an wanke abin da ya rage nasa.

"Inna, ba sura ba ta. Zane na, na shaƙiyanci."

Yatsunta suka tsaya a kan tazbaha. Ta ce shaƙiyancin me.

Tunda na riga na ɓata, sai na zaɓi wanda ya fi muni, na roƙon ruwa. Na faɗa mata yadda ya zana Malam da rawaninsa a bayan gari, da geron da ya lanƙwashe, da girgijen da ya wuce shi ya ƙetare teku, da siririn sojan da aka juye wa, da abin da ya rubuta a ƙasa. Na gama, ina jiran ta kore ni. Ta tambaye ni yaushe ya zana. Na ce farkon damina ta biyu. Ta ƙirga da yatsu, ta ce ai lokacin Malam ya yi wata biyar a ƙasa.

"Ashe addu'ar ta daɗe bisa hanya," in ji ta, fuskarta ko motsi.

Sai kafaɗunta suka fara girgiza. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda ba ta da sauti da farko, sannan ta ɓalle. Ta yi dariya har ta dafa ƙasa, hawaye na bin kumatunta, ni ma na bi ta, muna yi muna tari. Matan gidan suka leƙo su ga ko lafiya, ta kore su da hannu. A nan na san inda ya gado abin.

Ta ce saura, in kawo su duka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya yadda suke jere a gwangwanin, don na haddace su fiye da yadda na haddace Fatiha. Na alfadari ya sa ta laluba kaina ta ji ko da gaske ƙato ne. Ita ma ta ba ni nata: yadda yana yaro ya taɓa zana limamin garin a bayan allo, Malam ya zane shi, ita kuma ta shige madafa ta toshe baki da zane. Ba mu farga ba sai da aka kira azahar.

Kafin in tashi na ce ta yafe mini, na bar ta ta sha abin da ba addu'a ba. Ta jawo ƙwaryar ta ƙara kurɓa.

"Addu'a na sha ta ubanai shekara arba'in," in ji ta. "Wanga shaƙiyanci shi nar rasa cikin gidan ga. Amshi ka sha, kai ma ɗan'uwanka na."

Na karɓa na sha. Ɗanɗanon hayaƙi ne da tsatsar gwangwani. Muka raba har ta ƙare.

Daga shekarar nan, duk bayan girbi sai in ɗaure jaki in tafi Tozai da ɗan damin gero, in yini a ɗakinta. Ba sabon labari, waɗannan dai goma sha wani abu ne, amma ba ta taɓa gajiya ba. Idan na tsallake wani wuri sai ta tsayar da ni ta gyara, ita da ba ta taɓa ganinsu ba. Wani lokaci ita ke farawa tun ban gama gaisuwa ba.

Yanzu da na tsufa, na gane shekarar nan da na yi ina ɓoye gwangwani a gona wauta ce. Na ɗauka takardun ne ke riƙe mini shi, alhali wadda za ta yi dariyar tare da ni tana nan tafiyar yini ɗaya, a zaune cikin duhu, tana jira. Abin dariyar wahala ba ya aiki sai da wanda ya san wahalar, ko ya san mai ita. Na gwada ba jikokina labarin zanen, suna murmushi don ladabi, sannan su tambayi ko na taɓa ganin jirgin yaƙi ya faɗo. Ba na ganin laifinsu.

Girbi huɗu muka samu ni da ita. A na biyar, ina cikin ɗaure kaya aka aiko cewa Inna ta rasu tun shekaranjiya, har an kai ta. Na kwance jakin na mayar da shi turke, na zauna a ƙofar gida. Mutane na wucewa suna yi mini sannu, suna mamakin yadda nake kuka haka a kan tsohuwar da ba dangina ba. Ban iya gaya musu cewa mutum biyu nake wa kuka ba. A Bama na haƙa masa rami, amma sai ran nan ya mutu mini, don daga ranar ba sauran wanda za ni ce wa, "Kin tuna?"